Ranar da Aka Yi Cigiyar Yaren Inna a Rediyo

A cikin duk abubuwan da suka same ni a rayuwa akwai guda ɗaya da na tabbata da shi zan shiga kabari ban manta ba, shi ne lokacin da na ɗauki muryar mahaifiyata a waya na kai gidan rediyo a Gusau aka yi cigiya da ita. Shekaru sun ja yanzu. Mutanen da suka zage ni a kan haka wasu sun rasu, wasu sun ma manta sun zaga, amma ni ko wanke-wanke nake yi abin ya faɗo mini a rai sai na tsaya.

Ni malamar firamare ce, aure ya kai ni Gusau, gidanmu kuwa yana Tsafe. Mahaifiyarmu, da muke ce wa Inna, mace ce mai kawaici, ba ta da yawan magana, amma in ta buɗe baki Hausar Zamfara ce zalla, har mukan tsokane ta da cewa ta fi Baba iya ta. Mun san dai ba 'yar Tsafe ba ce. Abin da aka gaya mana shi ne Baba ya gan ta a wata kasuwa can kudu lokacin da yake fataucin hatsi, iyayenta sun rasu, suka daidaita, ya nema aka ba shi. Ba mu taɓa zuwa ganin dangin uwa ba, su ma ba su taɓa zuwa ba. In muka tambaye ta sai ta ce ai mu ne danginta, ta tura mutum ɗebo ruwa. Mu ma da yake ba mu rasa komai ba sai muka bar tambaya. Baba ya rasu, yayana ya zama babba a gidan, rayuwa ta ci gaba.

Bayan kaka ne ciwon ya same ta. Ta sunkuya za ta ɗauki buta sai ta faɗi, ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Aka kawo ta asibiti nan Gusau, aka yi abin da za a yi, aka ce mu koma gida mu ci gaba da jinya. Na nemi hutu na tare a Tsafe. Da farko ba ta cewa komai, sai ido. Ranar da magana ta dawo kuwa ina ba ta kunu ne, na yi murna har na kusa zubar da kofin, sai na ji abin da ke fitowa daga bakinta ba Hausa ba ne. Ba kuma surutan marar lafiya ba ne, magana ce a jere, da hawa da sauka, ta kai ƙarshe ta tsaya tana jiran in ba ta amsa. Na ce, "Inna, mi kinka ce?" Ta maimaita. Hausar da ta rene mu da ita ta tafi gaba ɗaya, ko sunana ba ta kira.

Sai kuma waƙar. Kullum da la'asar, in rana ta yi sanyi, sai ta ɗaga wata 'yar waƙa da muryar da ciwo ya cinye. Gajeriya ce. Za ta rera ta kai wani wuri, ta yanke, ta bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Mu kuma sai mu ruɗe. Wannan ta kawo ruwa, waccan ta gyara matashi, ni in duba ko juyi take so. Ta kau da kai daga ruwan, ta sake ɗaga waƙar daga farko, ta sake yankewa a daidai wurin nan. In ta gaji sai hawaye su gangaro ta gefen da ya shanye. Wallahi ban taɓa jin ba ni da amfani a duniya irin na lokacin ba. Uwata tana roƙona wani abu, ina zaune gabanta da hankalina da karatuna, ban san ko mene ne ba.

Mutanen gida ba su ɓata lokaci ba suka ce iska ce. A wurinmu ai haka ne, in mutum ya tashi yana yaren da ba a san shi da shi ba, to ba shi ne ke magana ba. Yaya ya kira malami ya zo ruƙiya. Allah ya saka wa malamin nan da alheri, mutum ne mai tsoron Allah. Ya yi karatu mai tsawo, Inna tana kwance tana bin sa da leɓe, don Fatiha da salati ba su bar bakinta ba. Da ya gama ya fito tsakar gida ya ce wa Yaya shi bai ga alamar aljani ba, wannan baiwar Allah yaren mutane take yi, a nemo masu yaren. Yaya bai ji daɗin maganar ba. Shi ya fi son a ce iska ce, don iska ana korarta a huta, ba ta jawo a tambaye ka asalin uwarka.

Ni na shiga nema. Na ɗauki maganarta da waƙar a waya, na bi kasuwar Tsafe ranar da take ci ina kunna wa mutane. Bafulatana mai nono ta ce ba nasu ba ne. Wani Badakkare da ke gadin makaranta ya saurara ya sake saurara, ya girgiza kai. Wani mutum daga wajen Birnin Gwari ya ce ya tsinci kalma ɗaya mai kama da sunan itace a yarensu, sauran bai gane ba. Ana haka Inna ta fara ƙin abinci. Likita ya ce mu yi haƙuri mu yi ta addu'a, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san ma'anar wannan. Tsorona ɗaya ne, kada ta tafi ba wanda ya san abin da take nema.

Dabarar rediyo ba wani ne ya ba ni ba. Matar Yaya tana da wata ƙaramar rediyo da take ratayewa a ƙofar madafa. Wata safiya ana cigiya, an ɓatar da akuya mai baƙin wuya a wani ƙauye, an tsinci wani tsoho a tasha bai san gidansu ba. Na ce a raina, in ana cigiyar akuya a ji ta har Ɗansadau, me zai hana a yi cigiyar mai jin yaren uwata? Na sami Yaya a zaure na gaya masa. Sai ya ce:

"Muryar Inna za ki kai kasuwa? Tsohuwa tana kwance tana waƙa, duniya ta ji? Mi kike so mutane su ce da mu?"

Na ce su faɗi abin da suka ga dama, ba uwarsu ce ke kuka da la'asar ba. Ya ce bai yarda ba. Na ce ban zo neman yarda ba, na zo ne don kada ya ji a bakin wani. Mun yi ta a zauren nan har maƙwabta suka leƙo. Ni dama tun ina yarinya an san bakina, kuma har gobe ban janye ko kalma ɗaya ba. Washegari na hau mota sai Gusau.

A gidan rediyon aka haɗa ni da mai gabatar da shirin gaisuwa da cigiya, wani dattijo da na girma ina jin muryarsa. Na zaci ƙato ne, ashe ɗan siriri ne mai tabarau. Ya kara wayar a kunne ya ji, ya sake ji, ya ce mu je wurin manaja. Manajan bai wulaƙanta ni ba, gaskiya, amma ya ƙi. Ya ce ba sa sakin maganar da ba wanda ya san ma'anarta a gidan. Ga halin da ake ciki a jihar, wa ya sani ko saƙo ne ake aika wa mutanen daji? In kuma zagi ne ko waƙar bori, gobe shi za a kira. Ya ce a karanta cigiyar da Hausa kawai, a ce ana neman mai jin yare kaza. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane yare za a ce? Ai sunan nasa ne ban sani ba."

Sai dattijon nan ya gyara zama ya ɗauko wani labari, wanda a lokacin na ga ɓata mini lokaci kawai yake yi. Ya ce shi mayen sauraron tashoshin waje ne, kuma ya taɓa jin wani shiri a kan wata ƙasa can ƙarshen arewacin duniya, Girinlan, wadda ƙanƙara ta rufe kusan dukanta. Mutanenta gaba ɗaya ba su kai na ƙaramar hukumar Tsafe ba. Turawan Danmak suka mulke su, aka yi zamanin da mai son ci gaba sai ya koma harshen Turawan. Garuruwansu babu hanyar mota tsakaninsu, to rediyo ce take haɗa su, da harshensu take karanta labarai, da shi ake aika gaisuwa. Da samarinsu suka fara kaɗa jita suna waƙa da harshen iyayensu ana sakawa, sai waɗanda ke jin nauyin yin sa a bainar jama'a suka saki jiki. Ya ce an ɗan saka waƙar tasu a shirin, shi bai gane ko kalma ba, amma ya san akwai wata tsohuwa a wani gida cikin ƙanƙara da ta gane.

"Yallaɓai," in ji shi, "mu ke nan kullum Hausa, Hausa, sai ɗan Fulatanci, sai ka ce duk ƙasar nan ba a taɓa haihuwar kowa da wani harshe ba. Wagga muryar mai ciwo ce, kai ma ka ji. In an kira ka, ka ce ni na saka."

Manajan ya juya biro a hannunsa. Ban ce labarin ƙanƙara ne ya motsa shi ba, ina ga dai nauyin dattijon ya ji. Ya yarda a saka waƙar kaɗai, ban da maganar, kuma kada a kama sunan gida.

Ina zaune a bayan gilashi aka saka. Dattijon ya gama cigiyar wani babur, sannan ya sassauta murya ya ce yau akwai cigiyar da bai taɓa yin irinta ba, wata uwa ce ba ta da lafiya, 'ya'yanta suna neman wanda ya san wannan waƙa. Sai ga muryar Inna ta cika ɗakin. Ta rera, ta kai wurin nan nata, ta yanke. Shi kuma maimakon ya cike gurbin da magana yadda suka saba, sai ya bar shirun ya ɗan yi tsawo. Aka buɗe layi. Mutane suka yi ta kira, masu addu'a, masu cewa a kai ta wurin mai magani kaza, wani ma ya ce Yarabanci ne, wanda ko ni na san ba shi ba ne. Har aka rufe shirin ba a sami wanda ya sani ba. Na fito na tsaya bakin titi, 'yan kabu-kabu suna ta tsayawa suna wucewa, na rasa inda zan ce a kai ni.

A Tsafe kuwa an gane muryar, duk da ba a kama suna ba. Kafin in iso har an fara shigowa dubiya irin wadda ba don Allah ba, ana tambayar wai ashe Inna ba Bahaushiya ba ce. Yaya ya daina amsa gaisuwata. Dattijon ya ci gaba da saka waƙar a shirinsa na safe da na yamma, ni kuma na koma gefen tabarmar Inna, wadda muryarta ta yi ƙasa har sai ka kai kunne.

Ana cikin haka wata rana da hantsi wayata ta yi ƙara. Dattijon ne. Ya ce wani mutum ya zo har gidan rediyo daga wani ƙauye a gindin dutsen Kwatarkwashi, ga shi. Mutumin ya karɓa yana magana da ƙarfi. Ya ce shi manomi ne, rediyonsa tana rataye jikin rumbu, uwarsa tana zaune tana ɓarar gyaɗa aka saka waƙar. Da aka kai wurin da ake yankewa sai ya ji tsohuwar ta ɗaga murya ta amsa wa rediyo. Ya ce shi kansa, da furfurarsa, bai taɓa jin wannan yare a bakinta ba. Tun ranar ta hana shi sakat, ta ce sai ya nemo mai waƙar ya kai ta. Na ce don girman Allah ya kawo ta yau, kada ya bari sai gobe.

Sun iso bayan azahar, ya goyo ta a babur, ta ɗaure jikinta da nasa da zane don kada ta faɗi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta girmi Inna, ido ɗaya ya yi fari. Ashe duk shekarun nan tana nan tsakaninmu da Gusau, kullum ina wuce dutsensu a mota. Yaya yana zaure, ya amsa sallamarsu a daƙile amma bai hana su shiga ba. Ta zauna gefen tabarma ta kama hannun Inna mai lafiya, ba ta ce komai ba. Ni na matsu, na ce ta yi mata magana mana. Ta ce, "Bari, ɗiyata. Lokacin bai yi ba."

Da la'asar ta yi Inna ta ɗaga waƙar, da ƙyar ake ji. Ta kai wurin, ta yanke. Sai tsohuwar ta amsa, 'yan kalmomi kaɗan, da murya mai kauri. Inna ta buɗe ido gaba ɗaya. Ta sake rerawa, aka sake amsa mata, sai ta wuce gaba. Ashe waƙar tana da sauran baiti, mu farkonta kawai muka yi ta ji. Suka kai ta har ƙarshe, sannan suka shiga magana, Inna tana yi tana haki tana dariya da rabin bakinta. Ni dai ina durƙushe ina kuka ban ji kunyar kowa ba. Da na waiga sai na ga Yaya tsaye a bakin ƙofa, hula a hannu.

Shi ya yi tambayar, ba ni ba. Ya ce, "Gwaggo, don Allah mi take nema? Mun ba ta duk abin da munka sani."

Tsohuwar ta ce ba abinci ba ne, ba magani ba ne. Ta ce su mutanen wani ƙauye ne a kan dutse can kudu, wanda ya watse tun suna 'yan mata, kowa ya kama gabansa. Wadda ta shigo cikin Hausawa sai ta haɗiye yarenta don kada a goranta wa 'ya'yanta. Ita ba ta san Inna ba, unguwarsu daban, amma waƙar ta kowa ce. 'Yan mata in sun dawo daga itace da yamma sukan tsaya a bakin gari su rera, ba sa shiga sai an amsa daga cikin gida, don a zamanin akwai tsoro. Na tambaye ta me waƙar ke cewa.

"Cewa take, na dawo, ga kaya a kaina, akwai mutum a gidan nan? Na gida kuma ya ce, muna nan, shigo."

Duk tsawon jinyar nan ɗakin a cike yake da mu, 'ya'ya da jikoki da surukai, ita kuma kullum da yamma tana tsaye a bakin gari da kaya a kanta tana tambaya ko akwai mutum a gidan, mu muna miƙa mata ruwa. Yaya ya zauna a ƙasa nan bakin ƙofa, babban mutum, ya rufe fuska da hularsa.

Shi da kansa ya roƙi ɗan tsohuwar ya bar mana ita ta kwana biyu. Ta koya mana amshin. Harshenmu ya yi ta karyewa, tana dariya tana cewa mu sake. Yaya ya riga ni kamawa, har yau yana yi mini gori da haka. Bayan ta koma gida mu muka ci gaba. Da la'asar ta yi za ka ga ya rufe rumfarsa ta kasuwa ya taho, a taru a ɗakin, Inna ta rera, mu amsa gaba ɗaya, ita kuma ta wuce baiti na gaba. Ta koma karɓar kunu. Dama tun tsohuwar tana nan na ɗauki waƙar cikakkiya da muryoyin su biyu, Yaya ya ce a kai wa dattijon, ya saka ta a shirinsa ya sanar da masu sauraro cewa cigiya ta yi kyau.

Inna ba ta warke ba, Hausar ma ba ta dawo ba. Kafin damina ta faɗi Allah ya karɓi abarsa, wata safiya, da kalmar shahada a bakinta, hankalinta a kwance. Tsohuwar ma ba ta daɗe ba ta bi ta. Na samu ta gaya mini sunan kakana da sunan da ake kiran Inna tana yarinya, yadda ta ji a bakin Inna, sauran kuwa na yi ta cewa zan je in zauna da ita in na samu sarari, har aka aiko mini da rasuwarta.

Abin da wannan lamari ya koya mini shi ne, shan nonon uwa bai sa ka san ta ba. Duk mai tsoho a gida ya zauna ya tambaye shi daga ina ya fito, da wane harshe aka yi masa rarrashi, in ya kau da zancen a sake tambaya, tun yana da bakin faɗa. Kuma abin da ba ka gane ba kada ka yi saurin ce masa iska. Mutum yana iya binne yarensa shekara da shekaru don ya rufa wa 'ya'yansa asiri, amma in tafiya ta zo ƙarshe da shi zai nemi gida. Yanzu a aji in yaro ya yi wani yare ba na bari a yi masa dariya, sai in ce ya tashi ya koya mana gaisuwa. Ni kam na makara. A cikin dukan yaren matar da ta haife ni amshin nan kaɗai na gada, shi ma a bakin baƙuwa na koye shi, lokacin da saura kaɗan ta daina tambaya.